Rikicin Ruwa

Littattafai uku ne, kowanne in ka ɗaga shi da hannu ɗaya sai ka ji a tsintsiyar hannunka. Wani malaminmu ne ya ba ni su ranar da zai bar aiki, a makarantar da na karanta aikin injiniyan ruwa a Kano. Na farko a kan yadda kogi yake gudu ne. Na biyu, mai baƙin bango, tun daga shafin farko har na ƙarshe abu ɗaya yake ta nanatawa: yadda ruwa mai gudu yake murɗewa yana juyi a cikin kansa, yana tasowa daga ƙasa yana komawa. Na uku kuwa a kan ruwan da ya ɗauko yashi da laka yake tafe da su. Da Turanci aka rubuta su, Turancin ma irin wanda rabinsa lissafi ne. Na sha wuya a kansu, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da su.

Ɗakin da nake haya a lokacin yana yoyo, don haka na kai su ƙauyenmu, can bayan Minjibir, na ba Inna ajiya. Da na koma bayan wata biyu sai na tarar ta naɗe su a wani tsohon zanenta mai ruwan ganye, ta ɗora a kan akwatin marigayi Baba, kusa da gafakarsa. Na ce, “Inna, waɗannan fa ba na addini ba ne, maganar ruwa ce kawai a ciki.”

Ta ce, “Ilimi ne ko ba ilimi ba ne?”

Na ce ilimi ne.

“To ba a barin ilimi tsirara.”

Haka suka zauna shekara da shekaru. In ina bukatarsu in kwance, in na gama ta sake naɗewa da kanta, don wai ni ban iya ƙulli ba.

Gonarmu ta gado a bakin rafi take. Rafin namu ba wani abin a zo a gani ba ne. Da rani yashi ne zalla, awaki su tsallaka, masu babur su tura. Amma da damina in an yi ruwa a gabas, sai ka ji shi yana tahowa tun kafin ka gan shi, ja wur. Daidai saman gonarmu yake yin gwiwa, ya shigo wajenmu, ya zagaye wani tudun yashi da ba mai nomawa, sannan ya koma hanyarsa. A wannan gwiwar kowace shekara yana ɗan gutsurar gaɓarmu, kunya ɗaya, wata shekarar biyu. A can ƙarshen gonar kuma, inda rafin ya gama zagayensa ya lafa, nan gayaunar Inna take, wato ’yar gonar da Baba ya yanka mata tata ta kanta shekarar da aka kawo ta gidan. Kuɓewa take sawa, da yakuwa da rama da ɗan barkono. Tun da ta manyanta ta fara fita da kanta, ba wanda ya isa ya sa mata fartanya a wurin sai ta nuna masa inda zai sara. Tsallaken rafin, daura da gayaunar, lambunan mutanen wancan ƙauyen ne. A cikinsu na yi aure.

Bayan rasuwar Baba ba a raba gonar ba, Yaya ne yake riƙe da ita. Yayana mutum ne mai ƙwazo, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Illarsa ɗaya, in ya ƙulla abu a ransa to ya ƙullu. Wata shekara da bazara ya kira ni a waya ya ce ya gaji da ciyar da rafi. Ya yi magana da mai unguwa, za a kira gayya a yanka wa ruwan sabuwar hanya ta tsakiyar tudun yashin, miƙe sak, ya daina shigowa gwiwar. Ya ce yana gaya mini ne don kada in ji a bakin wani.

Wannan abin yana cikin littafi na farko, har da zane. In ka rage wa ruwa tsawon tafiya, gangaren bai ragu ba, sai ya ƙara gudu. In ya ƙara gudu sai murɗawar nan ta cikinsa ta ƙaru, ita ce kuma take ɗaga ƙasa ta hana ta kwanciya. Duk inda ya fara cin karo da gaɓa, nan zai ci. Na rufe ido na bi sabuwar hanyar a raina, sai ga ta ta fito daidai gindin gayaunar Inna.

Na ce, “Yaya, kada a sara ko diga ɗaya sai na zo.”

A motar Minjibir, muna matse mu huɗu a kujera, ni abu ɗaya nake ta juyawa a kaina. Murɗawar nan tana da sunanta da Turanci, kalma ɗaya tak, littafi guda aka yi a kanta. A makaranta da ofis ita muke faɗa, mu kewaye ta da Hausa mu wuce. Ban taɓa bukatar ta da Hausa ba sai ranar. Na gwada hargitsi, na ji kamar kasuwa ce ta tashi. Na gwada ruɗani, na ji kamar ruwan ne ya manta hanya. Tashin hankali kuwa ya yi yawa. Sai na tuna malamin nan da ya ba ni littattafan, in yana raha a aji yakan ce rikici. Na ce shi ke nan, rikici. Har wani daɗi na ji, wai na samo kalma.

Na isa gida, na gaida Inna a tsaitsaye, na kwance zanen na rungumo littattafan. Ta ce, “Ina za ka da su haka, ko ruwa ba ka sha ba?” Na ce maganar rafi ce, ta maza ce, in na dawo na yi mata bayani. Wannan maganar tawa har yau in na tuna ta sai in ji kamar in mari kaina.

Bayan la’asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, a gindin dalbejiya. Dattawa a kan tabarma, sauran a kan dakali da kututture. Aka yi addu’a, Yaya ya faɗi shirinsa, kowa ya gyaɗa kai. Mai unguwa ya dube ni ya ce, “To Injiniya, an ce kana da magana.”

Na durƙusa, na zana rafin a ƙasa da tsinke. Na zana gwiwar, na zana sabuwar hanyar. Na dangwala tsinken inda za su haɗu, na ce, “Ranka ya daɗe, in aka miƙe rafin nan, rikici zai tashi a nan. Babban rikici.”

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka maganar ce ta shige su. Ashe inda na dangwala tsinken kowa ya gane shi, nan ne daura da lambunan surukaina.

Mai unguwa ya gyara zama. “Su suka ce maka haka?”

“Su wa, ranka ya daɗe?”

“Mutanen tsallake.”

Na ce, “A’a, ba rikicin mutane nake nufi ba. Rikicin ruwa.”

Wani dattijo, aminin Baba ne, ya ce, “Ai rikicin ruwa ya fi kowane rikici muni, yaro. Kana goye aka yi na rijiyoyin cikin rafin nan da su, sai da aka je gaban dagaci. Shekara biyu ba ma zuwa sunansu, ba sa zuwa namu.”

Nan fa aka ɓalle. Wannan ya tuno wanda ya cike rijiyar wani, wancan ya tuno akuyar da aka kama a lambu. Ina cewa ku saurara, ba mai ji. Na jawo baƙin littafin na buɗe inda aka zana ruwa da ’yan kibiyoyi suna zagaye juna, na ɗaga sama, na ce, “Ga shi nan! Wannan nake nufi! A cikin ruwan abin yake!” Aka karɓa aka riƙa miƙa wa juna da hannu biyu, cikin ladabi, wasu ma a juye suka riƙe. Wani ya ce lallai an sha aiki. Wani ya tambaya ko a ƙasar da aka rubuta shi ana gero. Raina ya soma ɓaci, da raina ya ɓaci kuma sai Turanci ya ƙwace mini. Na ji kaina ina zuba kalmomin da ko a ofis sai an nemi alli, a gaban mutanen da suka san ni tun ba wando.

Liman ne ya so ya taimake ni. Ya ce, “Injiniya, yi a hankali. Ruwan da wa zai yi rikicin?”

Na ce, “Allah gafarta malam, da kansa.”

Aka kwashe da dariya. Shi kansa liman sai da ya sunkuyar da kai.

Yaya bai yi dariya ba. Ya bari aka lafa, sannan ya ce, a hankali, yadda kowa zai ji, “Ni ban yi boko ba. Amma shekara nawa ina tsaye a gaɓar nan ina kallon gonar ubanmu tana tafiya, kai kana Kano. In surukanka ne suka aiko ka, faɗi kawai, ba abin kunya ba ne. Ba sai ka ɗauko littafi ba.”

Da ina da hankali, da nan na haɗiye. Da na ce a kawo kwano da ruwa da yashi in nuna musu. Da ko sunan gayaunar Inna na ambata, don wallahi a duk zaman nan ban ambace ta ba, ina can ina fama da kalma. Amma zuciya ta ɗebe ni. Na tattara littattafaina, na ce ku yi duk abin da kuka ga dama, na kaɗe wandona. Ko sallama ban yi ba. Na shiga gida na dire su a kan akwatin, na ce wa Inna ina da aiki gobe, na kama hanyar tasha. Da na ba matata labari ta riƙe haɓa ta ce, “Mu kuma me ya kawo mu ciki? Babana ko labarin bai ji ba.”

Aka yi gayya, ban je ba. An ce mutane sun fito sosai, da diga da shebur da baro, mata suka yi fura da ɗanwake. Kwana biyu suka yanke tudun, suka toshe bakin gwiwar da buhunan yashi da ƙaya. Da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, Yaya ya turo mini hoto a waya. Ruwa yana bin sabuwar hanya sak, gaɓarmu ta sama ko jiƙewa ba ta yi ba. Bai rubuta komai a ƙasa ba. Ni ma ban amsa ba. Na yi ta kallon hoton ina cizon yatsa, kuma, Allah ya yafe mini, a ƙasan raina har so nake abin ya faru don a san na faɗa.

Da marka ta kankama ya faru. Ruwa uku aka yi a jere. Da safe ina shirin fita ofis matar Yaya ta kira matata, ni ba a kira ni ba.

Da na isa ƙauye na tarar da Yaya a bakin rafi shi kaɗai, hannu a baya. Hanyar da suka yanka, wadda da mutum zai iya tsallakewa da gudu, ta zama ta fi tsohon rafin faɗi. Inda gayaunar Inna take kuwa babu komai sai gaɓa a tsaye, tsayin mutum, ruwa yana murɗawa a gindinta yana ƙwaƙule ƙasa. Kunya biyu suka rage a sama, kuɓewar ta fara fure, saiwoyin wasu a waje suna lilo. Muna tsaye wani ɓangaren ya tsage ya rufta, ruwan ya haɗiye shi ya ƙara ja. Tsallake kuwa lambunan surukaina suna nan lafiya lau.

Duk hanya ina shirya abin da zan gaya masa. Da na ga fuskarsa sai na kasa. Na ce, “Yaya, ya muka ji da wannan abu?” Ya ce, “Sai haƙuri.” Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Je ka ga Inna.”

Tana tsakar gida a kan kujerarta ’yar tsugunne, da ƙwarya a gabanta. Gasarar koko ta tace tun da asuba ta bari ta kwanta, farar gasarar a ƙasa, ruwan a sama garau. Na tsuguna na gaishe ta, na yi mata jaje. Ta amsa kamar an ce mata kaza ta ɓata. Wannan ya fi ci mini rai fiye da a ce kuka ta yi. Sai na hau bayani, ni da ba a tambaye ni ba. Na ce na faɗa musu, na kawo littafi, na zana a ƙasa, ba wanda ya saurare ni, mutanen garin nan in ba su ga abu da idonsu ba ba sa yarda. Na ce matsalar ita ce Hausa ba ta da kalmar abin.

Ta ce, “Wane abin?”

Na fara kwatanta mata da hannu, yadda ruwa yake juyawa a cikinsa, yana ɗago abin da ke ƙasa.

Ta ɗauki ludayi ta sa a ƙwaryar ta juya sau biyu. Gasarar ta taso, ruwan ya yi fari fat.

“Damu kake nufi?”

Na leƙa cikin ƙwaryar.

“In kana damu ba abin da zai kwanta. Ka ɗaga hannu, ya kwanta.” Ta cire ludayin, muka zuba wa ƙwaryar ido, farin ya soma sauka a hankali. “Rafin nan tun ina amarya nake kallonsa. A gwiwar nan yake rage hannu, kafin ya iso wajena ya gaji, har ƙasa yake ajiye mini. Shi ya sa kuɓewata ta fi ta kowa. In ka rage masa tafiya ai da ƙarfinsa zai iso, yana damu.”

Shekara nawa ina karanta baƙin littafin nan. Da a ce damu na ce a gindin dalbejiyar nan, babu namijin da bai taɓa tsayawa a kan matarsa ko uwarsa tana dama fura ba. Da ko liman bai yi tambaya ba.

Na ce, “Inna, kin san haka, me ya sa ba ki faɗa ba?”

“Na faɗa mana. Ana gobe gayya na kira yayanka na gaya masa.”

“Me ya ce?”

Ta ɗan tsiyaye ruwan saman ƙwaryar a ƙasa kafin ta amsa. “Ya ce, Inna, wanda ya yi karatun ruwan ma ba haka ya ce ba. Shi rikici ya ce, rikicin kuwa mun san inda ya dosa.” Ta goge bakin ƙwaryar da yatsa. “Sai na ce to, tunda mai littafi bai ce ba, wataƙila ni ce ban gane ba.”

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsugune ba. Duk haushin da na kwaso daga Kano, na Yaya, na mai unguwa, na dattijon da ya tuno rijiyoyi, na neme shi na rasa inda zan ajiye.

Kafin in tafi na shiga ɗakinta don in duba wani abu a littafi na uku, ko akwai dabarar da za a tsai da gaɓar kada ta ci sauran gonar. Akwai, kuma daga baya mun yi, ni da Yaya, da duwatsu da turaku, a gindin dalbejiyar nan kuma damu na ce, ba wanda ya yi dariya. Sauran gonar ta tsira. Gayaunar dai ta tafi, ba a dawo da ƙasar da ruwa ya kai wani gari.

Littattafan suna kan akwatin Baba inda na dire su ranar da na yi zuciya, amma an naɗe su, ƙullin nata ne. Na kwance, na ɗauki na ukun. Ina juyowa sai na gan ta a bakin ƙofa da wani ɗan gwangwani a hannu. Irin kuɓewarta ne, wanda take ajiyewa kowace kaka tun zamanin Baba, ba ta taɓa sayen na kasuwa ba. Ta ce murfin ya lalace, ga damina, kada sanyi ya shige shi.

“Miƙo mini zanen nan.”

Na miƙa mata. Ta juye irin a tsakiyarsa, ta tattara bakin ta ƙulle tam, ta rataye a ƙusar da ke bayan ƙofa.

Na ce, “Littattafan fa, Inna?”

Ta ce, “Tafi da su. An ce ɗakin da kake yanzu ba ya yoyo.”

Na ce, “Irin kuma a ina za ki shuka?”

Ta koma wajen ƙwaryarta, ta ce in zo in sha koko kafin in kama hanya.